Sifilin Da Ke Gaban Shida

Farfesa Desmond Achterberg ya yi kwana huɗu a Japan, har da ranar zuwa da ranar dawowa. A shekarar da ya dawo yakan ce "makon da na yi a Japan". Da aka ba shi farfesa sai makon ya zama wata. Ranar da aka naɗa shi shugaban sashen fasaha kuwa, daga nan ba wanda ya ƙara zama shan kofi da shi bai ji labarin "shekarun da na yi a gindin manyan magina" ba. Ya rubuta littafi mai shafi ɗari huɗu a kan abin da tukunya take nufi. Tukunyar kanta bai taɓa gasa ko ɗaya ba.

Mai gasa tukwane a jami'ar nan ita ce Loretta Vukovich. Shekara ashirin da shida tana riƙe da ɗakin ginin yumɓu: ita ke kwaɓa laka, ita ke haɗa ruwan sheƙi, ita ke kunna tanderu ta kashe, ita ke tsayawa a ƙofa ta kori duk ɗalibin da ya shigo da silifas. Gajeriya ce, mai kaurin hannu, ba ta dariya sai ta ga dalili. A duk shekarun nan ba wanda ya ƙone a hannunta, ba wanda ya rasa yatsa. To irin wannan aikin ba ya ganuwa. Mutum ya shigo ya tarar ba abin da ya faru, sai ya ɗauka ba abin da aka yi.

Saura shekara biyu ta kai ga fansho aka kira taro, wai ana neman inda za a rage ma'aikata. Shugaban tsangaya, Dokta Cornelius Whitlock, shi ne ke jagorantar taron, mutum mai sanƙo da dogon hanci da kunnuwa kamar marikin tukunya. Kafin ya rufe baki daga bayanin buɗe taro Farfesa ya miƙe, ya jefa jelar dogon gyalensa ta bayan kafaɗa.

"Ba sai an je nesa ba, Dokta Whitlock. Tanderun yanzu na lantarki ne, danna maɓalli ne kawai. Yumɓu kuma tun kafin a san takarda mutane ke gina shi ba tare da mai gadi ba. Loretta mutuniyar kirki ce, ban musa ba. Amma in ana maganar fasaha, abin da take ƙarawa sifili ne."

Loretta na zaune a ƙarshen tebur da rahoton gobara na shekara a gabanta.

"Sifili," in ji ta.

"Ba zagi ba ne, Loretta. Lissafi ne."

Nan ya baje shirinsa. A ba shi makullan ɗakin na mako biyu. Shi zai tafiyar da komai, a gani in sama za ta faɗo. Ranar Juma'ar ƙarshe kuma zai gayyaci jama'a, ya buɗe tanderu a gabansu, ya fito da wani aiki da ya daɗe yana yi a ɓoye tun kaka: kan Dokta Whitlock, daga sanƙo har kafaɗa, da jan yumɓu.

Dokta Whitlock ya shafa hancinsa. "Kaina?"

"Wane kai ne ya fi cancanta a tsangayar nan?"

Magana ta ƙare ke nan. In mako biyun suka wuce lafiya, Loretta za ta tattara kayanta a ƙarshen zango. Kafin nan za ta zauna a ɗan tebur bakin ƙofa, ba ta taɓa komai, ba ta cewa komai, sai in rai ko gaɓar wani na cikin haɗari.

Ta ciro makullan daga ƙugunta ta ajiye. "Rai ko gaɓa kawai?"

"Kawai," in ji Farfesa.

"A rubuta."

Aka rubuta.

Ranar Litinin Farfesa ya shigo da sassafe ya tsaya a tsakar ɗaki yana kallon bango. Ko'ina takardun Loretta ne: kada a share a bushe, kada a ci abinci a nan, a ɗaure gashi, a cire gyale. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɓamɓarewa.

"Wannan ɗakin fasaha ne ko asibiti? A Japan ba ka ganin rubutu ko ɗaya. Hannu ne ke sani."

A cikin ɗaliban akwai Misis Doucette, tsohuwar nas mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ta yi ritaya ta dawo koyon gini don kada zaman gida ya kashe ta. Ta ɗago daga kwanon da take gyarawa.

"Farfesa, ko dai akwai rubutun, kai ne ba ka iya karanta shi ba?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya duba ƙasa, ya ga farar ƙura a kusurwoyi, ya ce ai ƙazantar nan ma ta isa hujja. Ya fita. Bayan minti goma ya dawo rataye da injin hura ganye da ya aro wurin masu kula da lambu.

Loretta ta miƙe. "Wannan maganar rai ce. Ƙurar yumɓu in ta shiga huhu ba ta fita. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa."

"Abin da kike yi a awa biyu zan yi a minti biyu."

Ba ta tsaya musu ba. Ta buɗe ƙofa ta ce wa ɗalibai, "Waje. Kowa." Suka fita a guje, ita ce ta ƙarshe, ta cusa wa Farfesa takunkumi a hannu ta ja ƙofa. Ta cikin gilashi suka ga ya rataya takunkumin a ƙusa ya ja igiyar injin. Ƙurar shekara ashirin da shida da ke kwance a saman bututai da bayan kantoci, inda tsumma ba ya kaiwa, ta tashi gaba ɗaya. Farfesa ya ɓace. Sai ƙarar injin da tari. Sai kuma ƙararrawar gobara, domin na'urar da ke rufi ba ta san bambancin ƙura da hayaƙi ba.

Gini guda ya fito tsakar dusar ƙanƙara: masu zane da fenti a hannu, masu rawa da 'yan kamfai suna karkarwa, masu kiɗa na ɗakin ƙasa rungume da kayansu. 'Yan kwana-kwana suka zo da mota biyu. Da suka fito da Farfesa fari fat yake tun daga gira har takalmi, ba abin da ke motsi sai ido.

Otis Renfro mai gyaran famfo, wanda ya girme wa ginin kansa, ya matso kusa da Loretta da kofinsa.

"Retta, wannan shi ne mutum-mutumin da za a buɗe ranar Juma'a? Ai ya yi kama."

"An hana ni magana, Otis."

"Ni ba a hana ni ba."

Da yamma Farfesa ya aika wa Dokta Whitlock saƙo cewa ya gwada ƙararrawar gobara da gangan, kuma ta ci jarrabawa.

Laraba ya ce zai nuna wa ɗalibai yadda manyan magina ke zama a gaban faifan juyi, injin da ke juya laka ana gina tukunya. Ya zauna, ya dangwara curin laka, ya taka feda har ƙasa.

"Gyalen," in ji Loretta daga bakin ƙofa.

"Gyalen nan ya je Kyoto."

"Zai je asibiti."

Ya sunkuya yana bayani a kan yadda laka ke jin zuciyar mai taɓa ta. Jelar gyalen ta sauko ta lashi curin, curin ya kama ta, faifan ya fara naɗewa. Kan Farfesa ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, kamar mai gaida surukai. Maimakon ya ɗage ƙafa daga feda sai ya ƙara dannawa. Kafin haɓarsa ta taɓa laka Loretta ta riga ta fisge wayar daga bango, ta ɗauko almakashi ta datse gyalen daidai maƙogwaro. Ta koma teburinta ta zauna.

Farfesa ya ɗago yana haki, da guntun ƙyalle a wuya kamar na ɗan kwikwiyo.

"Kun gani? Abin da nake so ku gani ke nan. Haɗarin gyale."

"Mun gani," in ji Misis Doucette. "Ko za ka maimaita? Na baya ba su gani sosai ba."

Batun famfo kuwa shi ya jawo wa kansa tun ranar Talata, sai dai bai fito ba sai Juma'a. A ƙarƙashin bahon wanke hannu akwai wani bokiti da Loretta ta haɗa da bututu, inda laka ke kwantawa kafin ruwa ya wuce. Farfesa ya leƙa, ya ji wari, ya ce baƙi ba za su zo su tarar da wannan abin kunya ba. Ya sa aka cire, aka haɗa bututun kai tsaye. Loretta ta duba takardar sharaɗi. Bututu ba rai ba ne, ba gaɓa ba ne. Ta ci gaba da saƙar safar da ta kawo don kashe lokaci.

Kwana uku ɗalibai arba'in suna wanke laka cikin bututu. Ranar Juma'a da hantsi malamin kiɗa ya hauro daga ɗakin ƙasa, rungume da wata ƙatuwar begila mai baki kamar kwando. Ya tsaya gaban Farfesa ya kifa ta. Ruwan laka ya kwararo a kan takalman Farfesa, ya yi ta zuba kamar ba zai ƙare ba.

"Daga rufi yake ɗiga," in ji malamin. "Fiyano ma ya sha."

Otis ya zo ya kwanta a ƙarƙashin baho, ya ƙwanƙwasa bututun da sifana. Ƙarar ta fito kamar an bugi dutse.

"Farfesa, barka. Ka gina tukunyarka ta farko. Tsawonta ƙafa talatin, tana cikin bango."

"Bututun ne ya tsufa."

"Ni ma na tsufa, amma ba a ɗura mini laka."

Wannan ma Farfesa ya rubuta wa Dokta Whitlock cewa ya bankaɗo ɓarnar da aka daɗe ana ɓoyewa. Dokta Whitlock kuwa hankalinsa na kan kansa na yumɓu, har ya sa an buga katin gayyata. Loretta ta ga katin a allon sanarwa, ta tsaya ta karanta shi har ƙasa. Ta gane cewa ƙura da gyale da begila duk ba za su cece ta ba. In kan nan ya fito daga wuta da hancinsa a tsaye, ta tafi.

Litinin ta mako na biyu Farfesa ya turo kan a kan amalanke, lulluɓe da zanin gado. Da ya yaye, kowa ya zuba ido. Gaskiya ɗaya ce, ba a rage ta: ya yi kama. Hancin nan, kunnuwan nan, har ɗan murmushin da Dokta Whitlock ke yi in zai ce a'a. Farfesa na da hannu. Kunne ne ba shi da shi.

Loretta ta matso ta duba. Sai idonta ya faɗa kan ragowar ledar yumɓun da ke ƙasan amalanken, ta karanta abin da ke jiki.

Masu wannan sana'a ba sa auna wuta da digiri kawai, da kon suke aunawa, wani ɗan tsinin laka kamar haƙorin kare da ke lanƙwasawa in zafi ya kai inda ake so. Kowane kon da lambarsa, kowane yumɓu da kon ɗinsa. A jikin ledar nan an rubuta 06.

Farfesa ya kori kayan ɗalibai daga babban tanderu, ya ce ba a haɗa kan shugaba da kofunan 'yan koyo. Sannan ya tsaya gaban maɓallai, ya duba ledar, ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji.

"Kon shida."

"Sifili-shida," in ji Loretta.

"Abin da na ce ke nan."

"Ba shi ka ce ba. Shida daban, sifili-shida daban. Masu sifili baya-baya suke ƙirgawa. Kamar sanyin safe ne: digiri shida da shida ƙasa da sifili, ai ba riga ɗaya kake sa musu ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai zafi kusan digiri ɗari huɗu."

Ya juyo yana murmushi irin na mai lallashin yaro. "Loretta, digirina uku. Ko ɗan firamare ya san sifilin da ke hagu ba ya ƙara komai. In na ce miki ƙarfe sifili-shida, da ƙarfe nawa za ki zo?"

"Wannan ba agogo ba ne."

"Rai na cikin haɗari?"

Ta dubi tanderun. "A'a."

"Gaɓa?"

"Hanci dai."

"To koma kan safarki."

Ta koma. Allura na tafiya, zuciyarta na gardama da kanta. In ta kame bakinta, aikinta ya tsira. Amma shekara ashirin da shida ba ta taɓa kallon abu zai lalace a wuta ta kau da kai ba, ko na wanda ba ta so. Ta yi tsaki, ta ajiye safar, ta yagi takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe: WANNAN JAN YUMƁU NA KON 06 NE. IN AKA KAI SHI KON 6 ZAI NARKE. Ta sa kwanan wata, ta kai masa.

"An hana ni faɗa, ba a hana ni rubutawa ba. Karanta."

Ya karanta. Ya zaro alƙalaminsa mai jan tawada, ya soke sifilin da layi ɗaya, kamar yadda yake yi wa jarrabawar ɗalibai.

"Yanzu karanta ke ma. 'Yumɓu na kon shida ne, in aka kai shi kon shida zai narke.' Kin ji maganar da ma'ana?"

"Sa hannu."

"Da farin ciki." Ya rattaba sunansa da duk digirorinsa uku.

Misis Doucette ta ce, "Farfesa, mu fa tun makon farko aka koya mana wannan sifilin."

"Shi ya sa har yanzu kuke 'yan koyo, Misis Doucette. An cika muku kai da tsoro."

Abu ɗaya Loretta ta tsaya a kai ba ta matsa ba. Ta jawo wani faffaɗan tire na tanderu mai baki, ta cika shi da yashi, ta ce a kan wannan za a ɗora kan. In laka ta narke ta kai ga wayoyin wuta, wannan maganar gobara ce, gobara kuma maganar rai ce. Farfesa ya zagaya tiren, ya ce ashe ma ya yi kyau, kamar lambun yashin da ya saba zama a ciki a Japan. Ya zana layuka a yashin da cokali mai yatsu. Aka ɗora Dokta Whitlock, aka rufe ƙofa.

Ranar Laraba da safe ya kunna. Allon ya nuna 06, inda Loretta ta bar shi. Ya danna ya goge sifilin. Tanderun ya yi ƙara ɗaya ya kama aiki.

Wuni guda Farfesa na zagaye da shi yana shafa masa gefe. Zuwa la'asar hasken da ke fitowa ta ɗan ramin leƙe ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo, ya koma rawaya. Loretta ba ta buƙatar leƙawa. Ta san launin da jan yumɓu ke jurewa, an wuce shi tun azahar. Otis ya shigo da tsani zai ci gaba da fasa bango, ya dubi hasken, ya dube ta.

"Retta, ni ba magini ba ne, amma wancan bai yi yawa ba?"

"Lissafi ne, Otis."

Alhamis tanderu ya wuni yana hucewa. Farfesa ya so ya leƙa, ta ce maganar gaɓa ce, ƙofar za ta ɗauke masa fatar hannu. Ya haƙura, ya ce dama ya fi so shi ma ya gani tare da jama'a. Ya tafi ya sayo sabon gyale.

Juma'a da ƙarfe uku ɗakin ya cika. An jera kujeru, an kawo cuku da inabi da ƙananan biskit, abin da Loretta ba ta taɓa bari ya ƙetare ƙofar nan ba. Malamai sun zo, ɗalibai sun zo, mai ɗaukar hoton jaridar jami'a ya zo. Malamin kiɗa ya zo da begilarsa da aka wanke, an roƙe shi ya busa in an buɗe. Dokta Whitlock na kujerar gaba da matarsa Harriet, wata doguwar mata da ba a taɓa jin ta ɓoye abin da ke ranta ba.

Farfesa ya yi jawabi na minti ashirin da biyar. Ya yi maganar wuta da ƙasa da ruhin ɗan Adam. Ya ce a shekarun da ya yi a Japan wani tsoho ya riƙe hannunsa ya ce masa wuta ba ta ƙarya. Ya ce mako biyun nan sun nuna cewa fasaha ba ta buƙatar ɗan sanda. Bai dubi bakin ƙofa ba, amma kowa ya duba. Loretta na ƙirga idon safa.

"Jama'a, ga shugabanmu, kamar yadda wuta ta san shi."

Ya ja ƙofar. Malamin kiɗa ya cika kumatu ya fara busa, sai busar ta karye a tsakiya kamar an taka agwagwa.

A cikin tiren yashi akwai wani abu baƙi-baƙi mai sheƙi, faffaɗa, kamar fanken da ya ƙone. Sanƙon ya lotsa ya zauna a kan kafaɗu, wuya babu. Ido ɗaya ya gangaro wajen kumatu, ɗayan ya rufe. Kunnuwan sun kwanta a yashi hagu da dama. Bakin ya buɗe ya zube gefe guda. Hancin ne kawai ya yi ƙoƙari: ya miƙo gaba, ya gaji, ya lanƙwasa ya kwantar da kansa a kan abin da dā haɓa ce.

Ba wanda ya yi motsi. Mai hoto ya ɗauka, ƙarar ta cika ɗakin.

Harriet Whitlock ta gyara tabarau, ta sunkuya ta duba da kyau.

"Cornelius, ai kai ne. Haka kake in barci ya ɗauke ka a gaban talabijin."

Misis Doucette ce ta fara, daga nan ɗakin ya fashe. Otis ya zauna a kan tsaninsa yana share hawaye da hula. Dokta Whitlock ya taɓa hancinsa na gaskiya, kamar mai tabbatarwa yana nan.

Farfesa ya ɗaga hannu. "Jama'a, jama'a. A Japan irin wannan shi ake nema. Akwai ma sunan da ake kiransa."

"Mene ne sunan?" in ji Misis Doucette.

Ya buɗe baki. Sunan bai zo ba, don a kwana huɗu ba a kai ga wannan darasin ba. Sai ya juya ya nuna bakin ƙofa.

"Tanderun ne. An taɓa shi. Akwai wadda ba ta so aikin nan ya yi kyau, kuma kowa ya san dalili."

Dariya ta tsaya. Loretta ta soke allurarta a cikin safa, ta tashi ba gaggawa. Ta ratsa tsakanin kujeru, ta ciro takarda daga aljihun rigar aikinta ta miƙa wa Dokta Whitlock. Ya karanta. Ya sake karantawa, yana bin layin da yatsa.

"Wa ya soke sifilin nan?"

"Jan alƙalami ɗaya ne a ginin nan," in ji Otis daga kan tsani.

"Desmond, wannan sa hannunka ne?"

"Dokta, a ƙa'idar lissafi, sifilin da ke hagu..."

"Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

Dokta Whitlock ya dubi takardar, ya dubi fanken da ke cikin tire, ya dubi ramin da Otis ya fasa a bango. Sannan ya juyo wurin Loretta, muryarsa ta yi ƙasa.

"Misis Vukovich, tanderun fa? Ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau. Yashin ya tare."

"Ke kika sa yashin?"

"Ni na sa, Farfesa ya yi masa zane."

Ya yi gyaran murya. "To ni har yanzu ban gane ba. Sifili ɗaya ne ya yi wannan duka?"

"Biyu ya cire, Dokta," in ji Loretta. "Ɗaya ga aikinsa nan a cikin tire. Ɗayan kuma ga shi tsaye a gabanka, yana jiran makullansa."

Dokta Whitlock ya miƙa wa Farfesa tafin hannu. Farfesa ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ciro su a hankali. Ba su daɗe a hannun shugaban ba. Loretta ta maƙala su a ƙugu, ta juya ta dubi jama'a, da faranta a hannuwansu da cuku a bakinsu.

"Ba a cin abinci a ɗakin nan. Kowa ya fita da farantinsa."

Suka fita a layi, har da Dokta Whitlock. Harriet ta tsaya a ƙofa ta tambaya ko za a ba ta kan ta ajiye a lambu, tsuntsaye su riƙa shan ruwa a sanƙon. Loretta ta ce a'a, yana da aiki a nan: daga yau duk sabon ɗalibi da shi zai fara gaisawa kafin ya taɓa maɓalli.

Farfesa ya bi bayan mutane a sace. Loretta ta tare ƙofa da bokiti da jiƙaƙƙen tsumma.

"Ƙurarka ta Litinin tana nan a saman kantoci. Cire gyalen tukuna."

Ya dubi bokitin, ya dubi almakashin da ke leƙowa daga aljihunta. Ya cire.